Hoto na Takwas

Ni mai ɗaukar hoto ne, haifaffen Illela. Ba zan faɗi sunana ba, don mutanen garinmu sun riga sun san shi, kuma ba ta hanyar da mahaifiyata ta so su san shi ba. Ku samari nake yi wa wannan magana, musamman waɗanda Allah Ya ba 'yar sana'a a hannu da kuma baki mai zaƙi. Ni ma abin da aka ba ni ke nan, su biyun.

Gidanmu gidan fatauci ne. Yayyena duk kan iyaka suke, yau suna Ƙonni gobe suna gida, aljihu ɗaya naira ɗaya sefa. Ni kaɗai na fita daban, ba na son ɗaukar buhu. Da na gama sakandare sai aka kai ni wurin Kawu Illo, ƙanin mahaifiyata, mai shagon hoto a bakin kasuwa. Mutum ne mai faɗa kamar me, amma wallahi ya iya aikinsa. Shi ya koya mini cewa hoton biza ba hoton Sallah ba ne, yana da dokokinsa, kuma waɗanda ke dubawa a can ba su san ɗan wane ba ne kai. Bango ya zama fari tas, babu inuwa a bayan mutum. Fuska ta kalli gaba sak, kunnuwa biyu su fito, ido a buɗe, baki a rufe, ba murmushi ba ɗaure fuska. A cire tabarau. Kada a sa farar riga, sai ta narke cikin bango ka ga kai yana yawo shi kaɗai. Hoton kada ya wuce wata shida da ɗauka. Sannan babbar dokar Kawu, wadda yake maimaitawa har na gaji da ji: ba a taɓa fuskar mutum da kwamfuta. Yadda Allah Ya yi shi haka za a buga shi.

A kan wannan doka ta ƙarshe na fara zamewa. In Kawu ya tafi masallaci, saurayi zai raɗa mini in ɗan haska shi, in share masa ƙuraje, wani har tsagar gado da ke kumatunsa yake so in rage. In yi, ya miƙo mini na goro. Na ce a raina, wa na cuta? Daga nan sai wani ɗan kasuwa mai sauri ya kawo tsohon hotonsa na shekara uku, na sake buga masa na ce ya ce jiya aka ɗauka. Ranar da Kawu ya gane, ya kama kunnena a gaban mutane da girmana, ya ce, “Kai, wanga hannu naka mai kyau ne, kak ka koya mishi ƙarya.” Na yi fushi na bar masa shagonsa.

Na buɗe nawa kusa da kara, inda ake cinikin dabbobi ranar Lahadi. Na sa aka rubuta mini allo: Hoto da Biza. Hoton na iya. Bizar kuwa ko ƙofar ofishin da ake ba da ita ban taɓa gani ba. Amma in na buɗe baki na fara jero dokoki, kunne, inuwa, wata shida, sai mutanen ƙauyukan Araba da Darna su kalli juna su ce lallai yaron nan ya san ciki. Abokaina suka sa mini Ambasada. Sunan ya yi mini daɗi fiye da kima. Wani ya tambaye ni ko ina da hanya a Abuja, na ce ai kamar gidanmu ne. Ya ba ni fasfonsa da kuɗinsa. Na jefa fasfon cikin aljihun tebur, ƙarƙashin takardun buga hoto, na fita na sayi shadda.

Dabarar da na samu mai sauƙi ce, kuma Kawu ne ya koya mini ita ba da saninsa ba. Duk wanda ya dawo neman bizarsa, sai in girgiza kai in ce an dawo da hotonsa. In zaɓi doka ɗaya in ɗora masa laifin. Mutum ba zai yi gardama ba, don fuskarsa ce, kunnensa ne, shi zai ma ba ni haƙuri.

Haka nake har ranar da Malam Bawa ya shigo shagona. Dattijo ne daga Garu, manomin albasa, kuma yana da makarantar allo a ƙofar gidansa tun ban zo duniya ba. Dogo, siriri, da farar riga da rawani, da wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ya zauna ya gaishe ni kamar ni ne babba. Ya ce Umara yake son zuwa, kuma yana sauri. Likitan ido a Sakkwato ya gaya masa gaskiya, ciwon da ke idonsa ba ya komawa baya, gani zai riƙa raguwa ne har ya ƙare. Ya sayar da sansa na noma da albasar shekarar.

“Ɗana,” in ji shi, “shekara arba'in ina gwada ma yara alƙibla da hannu. So nike in ga Ɗakin Allah da idona kahin hitila ta mutu.”

Na ji wannan magana da kunnuwana biyu. Ba zan ce ban fahimta ba. Na ce, “Allah gafarta Malam, wata ɗaya ya yi yawa.” Na karɓi fasfo, na karɓi ƙullin da ya kwance daga cikin aljihun 'yar cikinsa.

Da aka zo ɗaukar hoto na ce ya cire rawani da hula. Ya dubi ƙofa. Mutumin nan ko matan unguwarsu ba su taɓa ganin tsakar kansa ba. Ya ce in saki labulen ƙofa tukuna. Na saki. Ya warware rawanin a hankali, ya naɗe shi a cinyarsa, ya ɗora hular a kai, ya cire tabarau. Na ara masa wata shuɗiyar riga da nake ajiyewa saboda masu zuwa da fararen kaya. Ya zauna ƙyam kamar ɗan makaranta. Na daidaita fitila, na ɗauka. Wallahi hoton ya fito kamar a littafi, ba abin da za a ce a gyara.

Bayan sati uku ya dawo a bayan kabu-kabu. Na ce an dawo da hoton, kunnen hagu bai fito sosai ba. Ya taɓa kunnen ya ce, “Ashe? To a sake.” Aka saki labule, aka warware rawani. Zuwa na gaba na ce inuwa. Na gaba na ce ya ƙanƙance ido, alhali mutum ne da ba ya jure hasken fitila in babu tabarau, hawaye ne ke zubo masa duk lokacin da na haska. Wata rana na rasa abin faɗa na ce sun ga kamar yana murmushi. Ya yi dariya ya ce, “Su mutanen nan mi murna ta yi musu?” Ni ma na taya shi dariyar, Allah Ya yafe mini. Duk zuwan da zai yi sai ya riƙo mini 'yar albasa ko ƙwan zabi, wai ina wahala a kansa. Kuma duk hoton da na ɗauka sai ya roƙi kwafi ɗaya, ya sa a cikin littafin addu'o'insa.

Na shida shi ne wanda har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Na ce masa gemunsa ya rufe haɓa, sun ce ba su ga iyakar fuska ba. Babu wata doka mai kama da haka, a take na ƙirƙiro ta. Na zaci zai yi fushi ya ce ya fasa, in huta. Ranar Lahadi sai ga shi ya dawo, ya rufe rabin fuska da gefen rawani. Da aka saki labule ya buɗe, ashe ya sa wanzami ya rage gemun nan fari da ya tara shekara da shekaru, ya koma ɗan tsit. Ya ce, “Ya yi haka, ko a ƙara?” Na ce ya yi. Na ɗauka. Da ya tashi fita na ga yana laluben bakin ƙofa da hannu, abin da ba ya yi a farkon zuwansa. Na gani sarai, na kau da kai na shiga latsa waya.

Na bakwai ma bai ba ni wahalar ƙarya ba. Na ce wata shida ya cika, doka ta ce a sake sabo.

Wadda ta kama ni 'yarsa ce, Malama Hajara, tana koyarwa a wata Islamiyya a Sakkwato. Ta zo gida ta ga gemun mahaifinta, ta tambayi dalili, ya ciro mata hotunan nan bakwai daga cikin littafi yana ba ta labarin wahalar da mutanen waje ke da ita. Ta kwashe su ta kai wa wani mai kamfanin tafiye-tafiye na gaskiya a birni. Daga baya a gaban alƙali na ji abin da mutumin ya ce. Wai ya jera su a tebur ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya ce ko na farkon ya isa, wanda ya ɗauki waɗannan ya san aikinsa. Ya duba a kwamfuta ya ce ba a taɓa shigar da sunan dattijon nan ko'ina ba. Kun ji fa. Ƙaryata ba ta tona ni ba, aikina mai kyau ne ya tona ni.

Ranar kasuwa Malama Hajara ta zo, da rana tsaka, da 'yan sanda biyu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Malam mai hoto, buɗe aljihun tebur ɗin nan.” Aka buɗe, ga fasfo na bayin Allah a jibge, na mahaifinta har ya manne da wata takarda don daɗewa. Ta ɗauka ta goge shi da gefen hijabinta. Ta dube ni ta ce, “Kuɗin ba su dame ni ba. Wata bakwai na ganinsa ka cinye. A ina za ka samo mishi su?” Aka fito da ni ta tsakiyar kara, masu kirana Ambasada kowa ya shiga duba haƙoran ragon da ba shi zai saya ba.

A ofishin 'yan sanda aka jingina ni da wani bango mai datti, aka ba ni allo na riƙe a ƙirji, wani kurtu ya ɗauke ni da wayarsa. Ga inuwa, ga kai a karkace, ga ido a ƙasa. Har bakina ya buɗe zan ce masa ya matsa baya kaɗan, sai na tuna ko ni wane ne yanzu. Shi ne hoto mafi muni da aka taɓa yi mini, kuma shi ya fi kama da ni a lokacin.

Alƙali ya ba ni shekara biyu, ya sa aka sayar da babur ɗina da injinan shago aka raba wa mutanen da na cuta. Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Akwai zafi, akwai kuɗin cizo, akwai tuwon da in ka jefi bango da shi zai dawo maka. Amma ba su suka fi ci mini rai ba. Duk ranar da gari ya waye na ga haske ta 'yar tagar sama, sai in ce ko yau me ya rage a idon Malam Bawa? Mahaifiyata ta zo sau ɗaya, ta koma. Kawu Illo ne ke zuwa duk wata, ya kawo ƙuli-ƙuli da gari, ya zage ni tas, ya tafi. Na gode wa Allah da zagin nan, don shi ya nuna mini ba a yar da ni ba. A can na koma salla kan lokaci, na roƙi gafara har na rasa kalmomin roƙo.

Da na fito ba wanda zai ba ni ko tsintsiya in riƙe masa. Kawu ya ce in dawo shago, amma ba ni ba kwamfuta, ba ni ba karɓar kuɗi, fitila da kyamara kawai. Na ce na gode. Na so in je Garu neman gafara, sau biyu ina hawa kabu-kabu ina sauka a hanya. Kunya ta hana ni.

Wata Lahadi da hantsi ina goge farin bango, sai na ji sallama. Na juya. Malama Hajara ce riƙe da hannun mahaifinta, tana gaya masa, “Baba, ɗaga ƙafa, akwai dakali.” Gemun ya dawo yadda yake. Tabarau kuwa babu, ya daina amfani. Na durƙusa a ƙasa ina cewa Malam ka yafe mini, Malam ka yafe mini, kamar wanda bai san wata magana ba.

“Tashi, ɗan banza,” in ji shi. “Sati guda na yi ina kai ƙararka wurin Allah, ba ni ɓoye maka. Daga baya na ga abin yana hana ni barci, kai kuma ƙila kana can kana minshari, sai na bari. Na yahe. Tashi ka yi aikinka.”

Ashe sai da aka yi damina biyu kafin guzurin ya sake haɗuwa, tsofaffin ɗalibansa suka cika masa. Kamfanin gaskiya ya karɓi fasfo, saura hoto, tunda bakwai ɗin nan duk sun tsufa. Malama Hajara ta so a ɗauka a Sakkwato, shi ya ƙi. Ta gaya mini haka a gabansa, fuskarta ba walwala, ta ce ita ba da son ranta ta zo ba, kuma ban ga laifinta ba. Malam ya ce, “Ai mutumin birni ya ce yaron ga ya san aikinai. Duk abin da ya ba ni ƙarya ne, ban da hoto. To a bar shi ya yi abin da ya iya.”

Na saki labule da kaina. Ya warware rawani, na sa masa shuɗiyar riga, na daidaita kafaɗunsa. Na koma bayan kyamara na ce, “Malam, kalli nan.” Ya juya fuska wajen ƙofa, inda haske ya fi yawa. Idon dama ya riga ya tafi, na hagu saura kaɗan. Bai ga kyamarar ba. Doka kuwa ta ce ido ya kalli gaba sak. Kawu da ke tsaye a gefe ya ce, “Yi mishi magana, ya bi muryarka.” Na sa bakina daidai saman kyamara, sai na ji ina cewa, “Ga ni nan, Malam. Ga ni nan. Ni ne na cuce ka, ga ni nan.” Ya juyo a hankali har idanunsa suka tsaya a kaina cak. Na danna. Sau ɗaya na ɗauka, ban taɓa shi da komai ba, aka tura. Kwana kaɗan biza ta fito.

Ranar da suka dawo daga Umara, shi da Malama Hajara, na je Garu, wannan karon ban sauka a hanya ba. Na sami zaure cike da 'yan barka. Na raɓe a bakin ƙofa, tambaya ɗaya ce a cikina kuma ina tsoron amsarta. Malama Hajara ta hango ni, ta miƙo mini dabino uku da ɗan kofin zamzam, sannan ta ce, “Baba, ga mai hotonka.” Ya ce in matso. Na matsa har gwiwata ta taɓa buzunsa. Na ce, “Allah gafarta Malam, ka ga Ɗakin?”

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

“Rubutun zinariyar da ake faɗi ban gani ba,” in ji shi. “Ƙohwar ma ban gani ba, Hajara ta ba ni labari. Da na je shekarun baya da na gani.” Ya bar maganar ta zauna a kaina, bai sassauta ba. Sannan ya laluba ya kama hannuna. “Amma na ga wani abu baƙi, babba, tsaye tsakiyar fari. Mutane duk sun sa fari, ƙasa fara, ga haske. Na ce Hajara, shi ne? Ta ce shi ne, Baba. Ashe Allah Ya yi mishi farin bango irin naka, don irina su gane shi.”

Mutanen zaure suka yi dariya. Ni kuka na yi, da girmana, a gaban kowa.

Bai cika wata huɗu da dawowa ba sauran ganin ya tafi. Yana nan da ransa, yana karantar da yara da ka. Duk Juma'a ina zuwa in gaishe shi, in karanta masa abin da yake so daga littattafansa, yana gyara mini.

To samari, ga abin da zan gaya muku. Ban fara da cin kuɗin Umarar tsoho ba, da share ƙurji na fara. In ka iya wani abu da mutanen ƙauyenku ba su iya ba, ko cike takarda ne, ko latsa waya, ko dokar hoto, ka sani sun ba ka wuyansu ne, kada ka yanka. In ba ka da hanya ka ce ba ka da ita, ba a ɗaure kowa don ya ce ban sani ba. Kai kuma mai niyyar tafiya, kada ka bar fasfonka a aljihun teburin mai hoto, aikinsa hoto ne, ka nemi kamfani mai rajista ka je da wanda ya iya karatu. Ni na gode wa Allah da aka kama ni da sauran haske a idon mutumin nan, na gode wa matar da ta kama ni, na gode wa Kawu da bakinsa. An mayar wa mutane abin da aka iya mayarwa, na yi zaman da aka yanka mini, an ce an yafe. Amma ƙofar Ɗakin nan da Malam Bawa bai gani ba, ni na hana shi ganinta, kuma babu kotun da za ta karɓo masa.

Hoto na takwas yana manne a bangon shagon Kawu, daidai inda nake tsayawa. Duk wanda zan ɗauka, sai na fara haɗa ido da Malam kafin in ce masa ya kalli nan.